Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi: Tarihin Guraben Karatu na Ƙwallon Kwando a Amurka

Hutun da ya wuce na tafi gida Bonkuku, ana tsakiyar haƙar dankalin turawa. Kwanana biyu da isa kawu ya aiko a kira ni. Na iske shi bisa tabarma da waya a hannu, taubashina na tsaye bayansa kamar giginya. Yaron shekararsa 16, amma tsawonsa ya kusa mita biyu, ƙofar ɗaki ma sai ya duƙa yake shiga. Lise yake yi a Yamai, can ya koyi jefa balo cikin kwando.

"Ɗana, kai ka yi lakwal mai zurhi," in ji kawu. "Saurari wanga mutum, ka hwaɗa min mi ka gani."

Saƙon murya ne. Wani mutum, yana haɗa Hausa da Faransanci, ya ce ya ga bidiyon yaron, kuma yana da gurbin karatu kyauta a wata jami'ar Amurka saboda tsawonsa. Abin da ya rage kawai jikka ɗari takwas na takardu. Kawu har ya gama lissafi: kuɗin dankalin bana, da saniya guda. Na ce: "Kawu, a yi mini haƙuri in koma in bincika." Abin da na samo ne nake so in raba da ku, ƴan'uwa ɗalibai, don na san ba gidanmu kaɗai irin wannan saƙo ke shiga ba.

Da yake ilimin harsuna nake karantawa, daga kalma na faro. Abin da mu ɗalibai ke kira bourse, asalinsa a Faransanci ƴar jakar fata ce ta zuba kuɗi, kuma in aka bi saiwar kalmar har Girkanci, fata take nufi. Mu ma haka muka yi da jikka: jaka ce, ta koma sunan kuɗi. To jaka kuwa tana da baki, tana da gindi, abin da take ɗauka ƙidayayye ne. Duk tarihin da zan ba ku na ƙidaya ne: gurbi nawa ke cikin jakar, wa ya yanka adadin, kuma mi ake so da wanda aka ba.

An ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891, wani malami ɗan Kanada mai suna James Naismith ya ƙago shi a garin Springfield na Amurka, don ɗalibai su samu abin motsa jiki cikin ɗaki lokacin sanyi. Mutum biyar ke shiga fili a kowane gefe. A jami'a minti 40 ake yi, kuma wanda ya yi laifi biyar an fitar da shi ke nan, ba dawowa. Ku riƙe wannan doka, za ta yi mana amfani gaba. Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, NCAA, ta fara gasar ƙarshen kaka a 1939 da ƙungiya 8, Oregon ta ci. A 1985 suka kai 64, a 2011 suka kai 68. Cikin watan Maris ake yinta, sili ɗaya ƙwale: an ka da ku sau ɗaya, ku tattara kayanku. Mai son kofi sai ya ci wasa shida a jere cikin kusan mako uku. Amurkawa da kansu haukan Maris suke ce mata.

Mu ƴan Nijar wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun 1975 da aka fara kokawar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, mun san yadda abin yake. Kowace jiha na kawo ƴan kokawa goma, wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita layin takobi. Jihar da ta ɗora ranta bisa mutum guda, ran da ƙafarsa ta zame sai makaɗanta su yi tsit. Wadda ke da uku ko huɗu da ba su taɓa ƙasa ba, ita ke kwana da sa rai. Tambayar da masu horar da ƴan wasa a Amurka suka shekara tamanin suna yi ke nan: gwani guda ya isa, ko sai da mutane a bayansa?

Kafin a amsa, sai an san yadda ake samo mutanen. Da farko biyan ɗalibi don ya yi wasa abin kunya ne a hukumance, amma ana yi ta ƙarƙashin tabarma. A 1956 NCAA ta halatta shi a fili: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai, da ɗan abin wanki. A shekarun nan ne shugaban hukumar, Walter Byers, da mutanensa suka yayata wata kalma mai ƙafa biyu, wadda in an juya ta Hausa za ta zama "ɗalibi-ɗan-wasa". Shi Byers ya faɗa da bakinsa a littafin da ya fitar a 1995 cewa an yi ta ne don kada kotu ta ɗauki yaran a matsayin ma'aikata, balle a biya diyya in sun ji rauni. A 1955 wani ɗalibi, Ray Dennison, ya mutu bayan bugun da ya sha a kai wajen wasan ƙwallon Amurka a jihar Colorado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana. Kun ga aikin kalma ke nan. Malamanmu na cewa suna linzami ne, ga shi nan ƙiri-ƙiri.

A wancan zamani manyan jami'o'i na tara gwanaye su ajiye, wani lokaci don dai kada abokan hamayya su samu. UCLA, ƙarƙashin John Wooden, ta ci kofi 10 tsakanin 1964 da 1975, bakwai daga ciki a jere. Akwai wani dogo haifaffen ƙasar Holan, Swen Nater, da ya yi shekara biyu a bencin UCLA bayan Bill Walton, ba a taɓa fara wasa da shi ba ko sau ɗaya. Duk da haka a 1973 ƙwararru suka zaɓe shi tun zagayen farko. Aikinsa a jami'a shi ne ya takura wa Walton kullum wajen atisaye.

Sai dokoki suka fara sauyawa. A 1972 aka bar ƴan shekarar farko su yi wasa, da can sai su jira shekara. A 1973 aka mai da gurbin na shekara ɗaya-ɗaya, koci ya sabunta in ya ga dama. Cikin shekarun 1970 aka sa iyaka, ta zauna bisa 15 ga kowace ƙungiya, farkon shekarun 1990 aka rage ta koma 13 ga maza, mata suka tsaya bisa 15. Wannan 13 ɗin ta yi shekara talatin tana mulki. Ita ta sa gwanaye suka watsu zuwa ƙananan jami'o'i, ita kuma ta sa kowane gurbi ya yi tsada a idon koci. In ya ba yaron da bai ƙware ba, ya rage wa kansa hannu guda a watan Maris.

To yanzu mu duba wasannin da kansu. A 1966 wata jami'a da ba kowa ya san ta ba, Texas Western, ta ka da Kentucky a wasan ƙarshe, 72 da 65. Kocinta, Don Haskins, ya fara da baƙaƙen fata biyar, abin da ba a taɓa gani ba a wasan ƙarshe, ita kuwa Kentucky duk farare ne. Mutum bakwai kacal ya sa a daren, dukansu baƙaƙe. Bakwai sun isa ɗaukar kofi, sun kuma buɗe ƙofar da ƴan Afirka suka bi daga baya.

Mafi shahara cikin waɗanda suka fara bin ƙofar, labarinsa ya biyo ta ƙasar Hausa. Hakeem Olajuwon ɗan Legas ne, gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Makarantarsa ta zo Sakkwato gasar kwalejojin horar da malamai, shi yana cikin ƴan ƙwallon hannu, sai wani abokinsa ya roƙi koci a bar shi ya buga na kwando. Daga nan abin ya kama. Ya isa jami'ar Houston a 1980. Shekarar farko bai buga ko wasa ɗaya ba, ta biyu daga benci yake shigowa. Ku lura da wannan: mutumin da aka zaɓa na farko a 1984, gaban Michael Jordan da ya zo na uku, shekara biyu ya yi yana jiran layi.

A 1983 Houston ce ta ɗaya a ƙasar, kowa ya ba ta kofi. Aka yi wasan ƙarshe a Albuquerque, gari mai tudu inda iska ke da ƙaranci. Tun kafin hutun rabin lokaci gwaninsu na biyu, Clyde Drexler, ya tara laifi huɗu. Olajuwon ya ɗauki kayan shi kaɗai, maki 20, har sai da ya zauna benci ana ba shi iskar shaƙa. North Carolina State ta jefa ta ƙarshe daidai ƙarewar lokaci, 54 da 52. Aka ba Olajuwon kyautar gwanin gasa alhali an ka da su, kuma tun daga shi ba a sake ba wanda ya faɗi ba.

Da shekara ta zagayo suka sake zuwa wasan ƙarshe, wannan karon da Georgetown. Kocinta John Thompson salonsa shi ne matsa wa abokin hamayya lamba daga farko har ƙarshe, wannan ya gaji ya fito, wancan ya shiga da sabon jini. Olajuwon ya yi laifi na huɗu ana dawowa hutu, dole ya riƙa wasa da taka-tsantsan. Yara biyu ƴan shekarar farko da suka taso daga bencin Georgetown, Reggie Williams da Michael Graham, suka zuba maki 19 da 14. Aka tashi 84 da 75, Thompson ya zama baƙar fata na farko da ya ci wannan kofi a matsayin koci. Ran nan kam sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Amma kada mu yi saurin rufe littafi bisa karin magana. A 2015 Kentucky ta tara gwanaye har kocinta John Calipari ya raba su gida biyu, biyar su fito, biyar su shiga. Suka ci wasa 38 a jere ba faɗuwa. Saura biyu su kafa tarihi, Wisconsin ta ka da su 71 da 64 a wasan dab da na ƙarshe. Wa ya ɗauki kofi? Duke, wadda a lokacin masu gurbi takwas kaɗai suka rage mata, bayan ɗaya ya canza makaranta, an kuma sallami ɗaya. A wasan ƙarshe dogonsu Jahlil Okafor, wanda kakansa ɗan Najeriya ne, laifi ya ɗaure shi a benci, aka ba su ratar maki tara. Sai wani yaro, Grayson Allen, da duk kakar maki huɗu-huɗu yake samu, ya taso ya zuba 16. Duke ta ci 68 da 63.

Abin da na fahimta daga waɗannan wasanni shi ne, in Maris ta zo koci na taƙaita hannu, ya dogara ga mutum bakwai ko takwas. Goma ba ta tabbatar da kofi, biyar kuma ba ta isa, don laifi, rauni da gajiya na nan tafe cikin wasa shida. Kofin na rataye ne a wuyan na shida, na bakwai da na takwas, waɗanda ba a buga hotonsu a jarida. To sauran fa, daga na tara zuwa na sha uku? Su ne ƴan ko-ta-kwana. Suna tashi da asuba atisaye, suna shan gwiwar hannu daga gwanaye, su yi tafiye-tafiye, su koma aji da barci a ido, wani ya shekara bai yi minti talatin a fili ba. Kuma dogon yaro daga Afirka da ya fara wasa a makare, galibi nan ake fara ajiye shi, a ga ko zai nuna. In ya nuna, madalla. In bai nuna ba, a da gurbin nan na shekara ɗaya ne. An sake halatta mai shekaru da yawa a 2012, amma ba dole ba ne a kan kowace jami'a.

Ga wani lissafi da na yi wa kawu a ƙasa da tsinke. Jami'o'in rukunin farko sun haura 350. In ka ninka da 13, guraben maza sun haura dubu huɗu da ɗari biyar. NBA kuwa, gasar ƙwararru da kowa ke mafarki, mutum 60 take zaɓa a shekara, daga duniya baki ɗaya. Adama Sanogo, ɗan Bamako, maƙwabcinmu, shi ne gwanin gasar 2023, ya ɗauki kofi da Connecticut yana azumin Ramadan. Wata uku bai cika ba aka yi zaɓen NBA, ba a kira sunansa ba, sai daga baya Chicago ta ba shi ƙaramin kwantiragi. In gwanin gasa haka ta kasance da shi, ina ga na sha biyu a benci?

Wannan ya sa na fi tsayawa bisa labarin mutum biyu. Na farko Dikembe Mutombo na Kinshasa. Da ya tafi Georgetown a 1987, tallafin karatu na hukumar USAID ne ya kai shi, niyyarsa likita. Can John Thompson ya gan shi ya jawo shi fili. Ya gama a 1991 da digiri a ilimin harsuna da diflomasiyya, abin da ke sa ni ƙafafa duk ran da aka tambaye ni mi za a ci da karatunmu. A 2007 ya buɗe asibiti a Kinshasa da sunan mahaifiyarsa. Ya mutu a 2024.

Na biyu ɗan Zariya ne, Masai Ujiri. A Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya tashi, nan ya fara wasa yana ɗan shekara 13, a hannun wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, da ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. Da Ujiri ya tafi Amurka, ba Duke ko Kentucky ya samu ba. Ƙaramar kwaleji ce ta shekara biyu, Bismarck State, a jihar North Dakota mai tsananin sanyi. Bai taɓa buga NBA ba. Ya yi yawon wasa a Turai, ya dawo ya yi wa Orlando aikin farautar ƴan wasa ba albashi. A hankali ya hau, har ya zama shugaban Toronto Raptors, kuma ƙungiyar da ya haɗa ta ci kofin NBA a 2019. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, mai shirya wa yara sansanin horo a ƙasashen Afirka. Mutumin da benci bai ma ishe shi a manyan jami'o'i ba, shi ya koma mai ƙidaya wa wasu gurbi.

Ƴan shekarun nan jakar ta sake sauya kama. Daga Yulin 2021 ɗan wasan jami'a na iya karɓar kuɗin talla da sunansa, ko da yake bizar ɗalibi na ɗaure wa baƙi hannu a nan. An kuma sauƙaƙa canza makaranta, yanzu kowace bazara ɗaruruwan yara ke tashi daga wannan benci zuwa wancan. A Yunin 2025 wata alƙaliya a California, Claudia Wilken, ta amince da wani sulhu da ya ba jami'o'i damar biyan ƴan wasa kai tsaye, kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko ga kowace jami'a, a raba tsakanin duk wasanni. Ga jami'o'in da suka shiga tsarin, an cire iyakar 13, an ce ƙungiya kada ta wuce mutum 15. Kalmar nan ta Byers ta fara tsagewa. Sai dai ga yaro irin taubashina abin ya ƙara wuya: koci da ke iya ɗauko ɗan shekara 22 da ya riga ya goge a wata jami'a, mi zai sa ya jira ɗanye ya nuna?

Na koma Bonkuku da waɗannan bayanai. Na ce wa kawu a duk abin da na karanta, jami'a ce ke kashe kuɗi ta nemo yaro, kuma ba ta ɗaukar kowa sai hukumar NCAA ta tantance takardun sakandarensa, ga Turanci da za a gwada shi. Hanyoyin da aka sani a fili suke: kulob, ƙungiyar ƙasa ta matasa, sansanin Basketball Without Borders da ake yi a Afirka tun 2003, ko makarantar NBA da aka buɗe a Senegal. Na ce a tambayi mai saƙon abu huɗu: sunan jami'ar, sunan kocin, takardar gurbin a rubuce, da shekara nawa gurbin zai yi. Muka aika masa. Ya amsa da cewa lokaci na ƙurewa, a turo ko rabi ne. Muka sake aika tambayoyin. Har na baro gida bai ƙara magana ba.

Kawu ya daɗe shiru, sannan ya ce: "Ashe saniyata ta kwana." Taubashina kuwa ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana, ya ce na yi masa baƙin ciki. Ban ji haushi ba, ni ma da ni ne haka zan ji. Ran da zan shiga mota zuwa Yamai ya biyo ni bakin hanya da jakata a kafaɗa. Na ce masa ya ci gaba da wasansa, tsawo baiwa ce, kada ya bari kowa ya raina masa ita. Amma ya riƙe bak ɗinsa da hannu biyu, ya kama Turanci tun yanzu, don ko gurbin gaskiya ya zo, ta wannan ƙofa zai shigo, kuma ran da gwiwa ta ƙi, takardar ce za ta rage masa.

Ya ce: "To in na tahi can suka aje ni benci fa?"

Na ce masa Olajuwon ma ya zauna. Ya yi dariya, ya miƙa wa yaron mota jakata bisa rufi ba tare da ya yi ɗage ba.